Darasi na 14: Saƙa da Warwara, da Yadda Mai Fargaba Ke Koyon Yarda da Hankalinsa

A kowace unguwa ta Sakkwato, daga Kanwuri zuwa Mabera, daga Runjin Sambo zuwa Arkilla, akwai mutumin da kowa ya shaide shi da amana da taka-tsantsan. Shi ake ba ajiyar kuɗin adashi, shi ke riƙe makullin masallaci, shi ke tuna wa 'yan uwa cewa damina ta ƙarato ba a gyara indararo ba. In mace ce, ba ta kwanciya sai ta ƙirga yara, ta taɓa sakatar ƙofa, ta leƙa madafa ta ga ko garwashi ya mutu. Jama'a suna yaba wannan hali, kuma ya cancanci yabo, domin gida ko kasuwa da babu irin wannan mutum ba su daɗewa ba su yi asara ba. Abin da jama'a ba su gani shi ne daren mutumin. Maganar da aka gama tun la'asar ita zai kwana yana juyawa: ko na ba da bashin nan daidai, ko maigida ya ji haushin abin da na faɗa, ko yaron da aka ba 'yata na kirki ne, ko zazzaɓin nan ba zazzaɓi kawai ba ne. Gari na wayewa ya nemi wanda zai tambaya, a ba shi amsa, hankalinsa ya kwanta zuwa azahar, sannan tambayar ta dawo da sabon kaya. Maganar wannan darasi guda ɗaya ce. Mai irin wannan hali yana neman maganin kokwantonsa a wurin ƙarin tunani da ƙarin dubawa da ƙarin tambaya, alhali waɗannan ukun su ne ke cinye yardar da yake yi wa hankalinsa. Yardar kuwa tana dawowa ne idan ya saba yin aikinsa kokwanton na nan bai tafi ba.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun san wannan mutum. A wani tsari da ya kasa halayen mutane gida tara, wanda Oscar Ichazo ɗan ƙasar Bolibiya da likita Claudio Naranjo ɗan ƙasar Chile suka yaɗa wajejen 1970, shi ne na shida: mai riƙon alkawari, mai hangen haɗari tun daga nesa, mai neman wani babba ko wata ƙungiya da zai jingina da ita, kuma mai yawan shakkar wanda ya jingina da shi ɗin. Tsarin ya yi farin jini a intanet, amma binciken kimiyya bai ba shi ƙarfin da masu tallarsa ke ba shi ba, don haka babu buƙatar ɗalibi ya liƙa wa kansa lamba. Abin da bincike ya tabbatar ya fi wannan sauƙi: mutane sun bambanta wajen saurin jin haɗari, kuma sun bambanta wajen iya zama da abin da ba su san ƙarshensa ba. Michel Dugas da abokan aikinsa a ƙasar Kanada sun nuna tun shekarun 1990 cewa rashin iya jure wa rashin tabbas shi ne ginshiƙin damuwa mai yawa.

Wani gwaji da aka yi a jami'ar UCL ta birnin Landan a 2016 ya fito da wannan fili. An zaunar da mutum 45 gaban kwamfuta suna wasan juya duwatsu, duk dutsen da aka sami maciji a ƙarƙashinsa sai a ɗana wa mai wasan lantarki mai ɗan zafi a hannu, ana kuma auna guminsa da buɗewar ƙwayar idonsa. Hankalin mutanen ya fi tashi a lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ɗana ko kada a ɗana, fiye da lokacin da suka tabbata za a ɗana musu. Mutumin Sakkwato ba ya buƙatar a kai shi Landan kafin ya gane wannan. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, duk mai uwa ko ɗa a Isa ko Sabon Birni ya ɗanɗani abin da ake nufi: kira ba ya shiga, labari ba ya zuwa, zuciya kuma ba ta barin gurbin a buɗe, sai ta cika shi da mafi munin abin da za ta iya ƙagawa. Abin da jama'a suka ji a waɗancan makonni saboda dalili na zahiri, shi mai fargaba yake ji kusan kullum a kan ƙananan al'amura. Tunanin da yake yi da dare ƙoƙari ne na toshe wannan gurbi, kuma yana zaton aiki yake yi, shi ya sa barin tunanin yake masa kama da sakaci.

To, me ya sa maganin nasa ba ya ci? A ɗauki misalin mai shagon yadi a Babbar Kasuwa bayan gobarar watan Janairu na 2021, wadda ta cinye shaguna masu yawa. Da magariba ya kashe wuta, ya zare soket, ya danna kwaɗo, ya ja shi sau uku. Ya hau kabu-kabu, kafin su kai bakin titi zuciya ta ce masa, anya ka zare na fanka? Ya sa a juya, ya buɗe, ya tarar ya zare, ya sake kullewa. Gobe haka, jibi haka, har ya zama komawa ɗaya ba ta isarsa. Kowa zai yi tsammanin wanda ya duba sau biyar ya fi wanda ya duba sau ɗaya tabbaci, amma gwaji ya nuna akasin haka. A 2003 Marcel van den Hout da Merel Kindt, masu bincike a ƙasar Holan, suka sa ɗalibai masu lafiya ƙalau su riƙa kunna murhun gas na cikin kwamfuta, su kashe, su duba, har sau 20, wasu ɗaliban kuma aka ba su ƙwayayen lantarki su yi ta dubawa. Da aka tambaye su game da murhun a ƙarshe, waɗanda suka yi ta duba shi ba su fi sauran yin kuskure ba, ƙwaƙwalwarsu ta riƙe abin daidai. Abin da ya ragu shi ne hasken hoton a ransu da kuma amincewarsu da abin da suka tuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da hannu ya maimaita da yawa yana yin sa ne ba tare da ido ya tsaya a kai ba, sai dubawar yau ta cakuɗe da ta jiya da ta shekaranjiya, mutum ya rasa wadda zai kama. Mai shagon nan bai sami matsalar mantuwa ba. Komawar da yake yi ce take koya masa cewa idonsa da hannunsa ba abin yarda ba ne.

Haka tambaya take. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne ga wanda bai san hanya ba. Amma akwai tambayar da ba neman sani ba ce. Mai fargaba ya riga ya ji amsa daga wansa, ya ji daga amininsa, ya ji daga limamin unguwa, duk bakinsu ɗaya, sai ya ɗaga waya ya kira na huɗu: “Yaya, don Allah mi ka gani? Kana ganin ba komai?” Abin da yake nema shi ne sanyin nan da ke sauka a ƙirji idan an ce masa ba komai, kuma sanyin kamar susar ƙazwa yake, daɗi nan take, ƙaiƙayi ninki biyu daga baya. Kowace amsa da ya karɓo daga waje tana ƙara tabbatar masa cewa shi kaɗai ba zai iya ba. In kuwa aka yi rashin sa'a na biyar ya saɓa wa huɗun farko, to an koma gidan jiya, yanzu ma da sabuwar tambaya: wa zan bi a cikinsu? Ta wannan ƙofa ce masu cin dukiyar mutane suke shiga. Boka da ɗan damfara da mai tallar jarin da ba a faɗuwa duk haja ɗaya suke sayarwa, wato tabbas, kuma babu mai saye da tsada kamar wanda ya daina yarda da kansa. Abin takaici ne ƙwarai a ga mutumin da ya fi kowa taka-tsantsan ya miƙa wuyansa ga wanda ya fi kowa ƙarfin baki, don kawai ya huta da yanke shawara.

Abin da ya kamata ya ba ɗalibi ƙarfin gwiwa shi ne, maganin da ya dace ba baƙo ba ne a garin nan. Yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai tun kafin a gina ganuwar Sakkwato a 1809. Duk wanda ya yi Ahalari, littafin Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya wanda ya rayu a ƙarni na 16, ko ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani wanda ya rasu a 996, ya san cewa malaman Malikiyya sun raba masu shakka gida biyu. Mutumin da shakka ke zo masa jefi-jefi, in ya yi kokwanton ko alwalarsa ta warware, sai ya sake. In ya rasa ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya kawo ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ta aure shi, wanda masu sharhi suka ce tana zo masa kullum ko da sau ɗaya a rana, hukuncinsa daban ne. Ba a ce ya ƙara kula ba, ba a ce ya sake ba. An ce ya kawar da kai daga shakkar, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya yi sujada bayan sallama ya tashi. A alwala kuma babu komai a kansa. Ɗalibin da wannan ya shafa ya je wurin malaminsa ya ji dalla-dalla, domin wannan ba darasin fiƙihu ba ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne hikimar da ke ciki. Salla ita ce mafi girman aikin Musulmi a yininsa, kuma a cikinta ne aka umurci mai waswasi ya ci gaba ba tare da ya sami tabbas ba. Malaman sun gane cewa shakkar wannan mutum ta daina zama labari game da sallarsa, ta koma labari game da halin zuciyarsa, kuma biye mata ciyar da ita ne. In ya sake alwala yau saboda ita, gobe sau uku za ta nema.

Likitocin zamani sun iso wuri ɗaya ta wata hanya. A 1966 Victor Meyer, wani masanin halayya a Landan, ya fara gwada hana masu tsananin waswasi maimaita wanki da dubawar da suka saba, yana tare da su har tashin hankalin ya sauka da kansa, kuma wannan dabara ce har yau ake ɗauka a kan gaba wajen maganin ciwon. Abin da majinyaci ke ganowa shi ne fargaba tana hawa, ta kai ƙololuwa, ta sauko, ko an biya mata buƙata ko ba a biya ba. Wanda kullum yake komawa shago bai taɓa ba kansa damar ganin saukowar ba, don haka yana zaton komawar ce ta cece shi.

Mai karatu mai hankali zai ce, wannan magana ta masu zaman lafiya ce. A jihar da aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda ɗan kasuwa ya wayi gari a farkon 2023 takardar kuɗi ta gagara, a watan Agustan shekarar kuma aka rufe iyakar Illela, yaya za a ce wa mutum ya rage tunani? Ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma duk wanda ya ce wa mutumin Sabon Birni tsoronsa waswasi ne ya zalunce shi. Sai dai a lura, malaman nan ba su hana kowa shakka ba, sun bambance shakkar da ke ɗauke da labari da wadda ba ta ɗauke da komai. Haka za a yi a sauran al'amura, kuma ma'aunin tambaya biyu ce: shin akwai wani sabon sani da zan iya samu, kuma akwai wani abin da hannuna zai iya yi? Mai niyyar tafiya gabashin jihar ya je tasha da safe ya tambayi direbobin da suka shigo, ya kira ɗan uwansa da ke can, ya zaɓi lokacin da motoci ke tafiya tare, in labarin bai yi daɗi ba ya fasa. Duk wannan tunani ne mai haihuwa, kuma mai fargaba ya fi kowa iya shi. Amma bayan ya yi wannan ya yanke, sauraron saƙon murya na goma da aka turo a WhatsApp, wanda ba a san wa ya yi shi ba, ba a san ko na bana ne ko na bara ba, ba ya ƙara masa aminci ko kaɗan. Yana rage masa ma, domin wanda bai yi barci ba hankalinsa a hanya ba ya kai na wanda ya yi, kuma wanda komai ke firgita shi daidai wa daida yana rasa gane ranar da haɗarin gaske ya zo. Inda haɗari ya yi yawa, nan aka fi buƙatar mutum ya tanadi tsoronsa don wurin da ya dace.

Akwai kuma abin da ƙididdiga ta nuna. Lucas LaFreniere da Michelle Newman a jami'ar jihar Pennsylvania a Amurka sun sa ɗalibai 29 masu ciwon damuwa su rubuta duk abin da suke tsoron zai faru har kwana 10, aka bi sawun abubuwan har kwana 30. Kashi 91 cikin 100 na abin da suka ji tsoro bai faru ba. Mutanen kaɗan ne, kuma rayuwar ɗalibi a Amurka ba rayuwar manomin albasa a fadamar Rima ba ce, don haka kada a ɗauko adadin a ɗora wa Sakkwato. Abin ɗauka shi ne dabarar. Mai fargaba yana tuna tsoro ɗaya da ya tabbata shekara biyar da suka wuce, ya manta ɗaruruwan da suka wuce salin-alin, domin babu mai riƙe lissafin masifar da ba ta zo ba. Sai an rubuta ake ganin gaskiyar lissafin.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zurfi, kuma daga wajen masu tsoron Allah yake fitowa. Za su ce, wane ne ɗan Adam da zai yarda da kansa? Ai wannan ƙofar jiji da kai ce, bawa ga Ubangijinsa yake dogara, kuma shawara ɗaukar ɗaki ce, ba a yin ta da hannu ɗaya. Amsar ita ce yardar da ake magana a nan ba ta nufin mutum ya ɗauka ba ya kuskure. Tana nufin ya yarda cewa hankalin da Allah ya ba shi, bayan ya yi bincike ya yi shawara, ya isa a yi aiki da shi, kuma in an yi kuskure zai iya ɗaukar nauyin gyara. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abubuwan bi da bi: shawara, sannan ƙudurta niyya, sannan tawakkali. Shawara tana da lokacin da take ƙarewa. Mai fargaba yana maƙalewa ne a matakin farko, ya yi istihara ya sake, ya sake, yana jiran ranar da zuciyarsa za ta yi fes babu ɗigon shakka, ranar kuwa ba ta cikin alkawarin da aka yi wa kowa. In aka duba da kyau, neman tabbas ɗari bisa ɗari kafin a motsa shi ne ya fi nisa da tawakkali, domin neman sanin gobe ne, kuma wanda ya san gobe ba shi da abin da zai bar wa Allah.

Tarihin garin nan yana da misali mai girma a kan wannan. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan karawar Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. Waziri Muhammadu Buhari ya sami kansa da sauran jama'ar da ba su da halin tafiya. A Marnona ya tara malamai, suka duba littattafai, suka ga akwai hujjar zama a yi mu'amala da masu rinjaye a zahiri don kare addini da rayukan mutane, sai ya komo gari. Abin lura shi ne, shawarar da hujjar ba su kawar masa da damuwa ba. Shi da kansa ya bayyana a wasiƙar da ya rubuta wa ma'abota ilimi cewa zuciyarsa ba ta natsu ba, har sai da malam Ahmadu ɗan Sa'adu, alƙalin Gwandu, ya rubuto masa amsa. Ba aikin wannan darasi ba ne ya ce wane ya fi daidai tsakanin Sarkin Musulmi da Wazirinsa. Kowannensu ya yi aiki da hujjar da ya gani a ranar da babu mai tabbas. Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne Waziri bai jira natsuwa ba kafin ya ɗauki nauyin jama'a, kuma ya ci gaba da riƙe aikinsa har rasuwarsa a 1910. Idan mutum irin wannan, da iliminsa da malaman da ke kewaye da shi, ya yanke hukunci zuciyarsa na ɗar-ɗar, to ɗar-ɗar bayan yanke hukunci ba shaida ba ce cewa hukuncin kuskure ne. Mai fargaba kuwa kullum haka yake fassara ta, ya ce da na yi daidai da ban ji haka ba, sai ya warware abin da ya saƙa.

Saura masu cewa hali zanen dutse, haka Allah ya yi shi. Akwai gaskiya a ciki: binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da hannu a ciwon damuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran kuwa daga rayuwa ne, kuma ba a neman mutum ya zama wani daban. Saurin hango haɗari zai zauna, ya kuma kamata ya zauna. Abin da ke canzawa shi ne abin da mutum ke yi bayan ya hango. Albert Bandura ya nuna a 1977 cewa babu abin da ke gina amincewar mutum da iyawarsa kamar ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Lallashi da kirari suna bayan wannan nesa. Saboda haka farawa daga ƙanana ake yi. Mai shago ya kulle sau ɗaya da cikakken hankali, ya faɗa a fili cewa na zare, na kulle, ya tafi, in zuciya ta kira shi a hanya ya bar ta ta yi ta kira. Uwargida ta zaɓi atamfar da za ta saya ba tare da ta aika hoto wa ƙawaye uku ba. A babban al'amari, kamar aurar da 'ya ko sayen fili, a zaɓi mutum biyu ko uku masu sani da amana, a sa ranar yanke magana, in ranar ta zo a yanke. Iyali ma suna da rabonsu. Matar da mijinta ke tambayarta sau biyar ko ta ga ya kulle ƙofa, tausayi ne ke sa ta amsa sau biyar, amma taimakon da ya fi shi ne su yi yarjejeniya da rana tsaka cewa sau ɗaya za ta amsa, in ya sake ta ce da taushin murya, “Malam, mun riga mun yi wannan.” Haka kuma iyayen da ba su taɓa barin yaro ya zaɓi komai ba, ko ya yi ƙaramin kuskure ya gyara da kansa, su sani suna rainon babban da zai kai shekara 40 bai iya sayen rago ba sai ya kira gida.

Akwai matakin da abin ya wuce hali ya zama ciwo, kuma ɓoye shi zalunci ne ga kai. Idan damuwa ta riƙe mutum mafi yawan kwanaki har wata shida ko fiye, ta hana shi barci, ta ɗaure masa wuya da kafaɗu, ta sa shi saurin fushi da kasa tattara hankali, ko wanki da dubawa suka cinye masa sa'o'i, ko ya fara jin gara ya mutu, to wannan aikin likita ne, na ƙarshen kuma ba ya jiran gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Mutanen Sakkwato suna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, a kan hanyar Illela, da sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sunan Kware yana tsorata mutane don ana ganin sai wanda ya fita hayyacinsa ake kaiwa, alhali mai ciwon damuwa yakan je ya ga likita ya koma gida ranar. Tun watan Janairu na 2023 ma ƙasar nan tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci da mutuncinsa. Zuwa asibiti yana da wani amfanin: wasu cututtukan jiki, irin na maƙoƙo da na zuciya, suna zuwa da bugun ƙirji da rawar hannu kamar fargaba, gwaji ne ke rarrabewa. Sayen ƙwayar barci a kemis ba tare da takardar likita ba kuwa ƙara wa kai ciwo na biyu ne. Addu'a da azkar ba su hana ganin likita, ganin likita ma ba ya hana su.

Aikin gida na wannan darasi zai ɗauki wata guda. Kowane ɗalibi ya sami ƙaramin littafi. Har kwana 10, duk lokacin da tsoron wani abu ya zo, ya rubuta shi a layi ɗaya tare da kwanan wata, a rubuta shi yadda za a iya gane ko ya faru ko bai faru ba, misali “Alhaji zai fasa ba ni kaya ranar Laraba”. A gefe ya sa alama: akwai abin da zan iya yi, ko babu. In akwai, ya yi shi a ranar. In babu, ya rufe littafin, ya ajiye maganar zuwa wani lokaci da ya keɓe, kamar minti 15 bayan la'asar, kada ya zama lokacin kwanciya. Bayan kwana 30 ya koma ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga nawa ya rubuta, nawa suka faru, a cikin waɗanda suka faru kuma nawa ya iya da su. Wanda hannunsa bai faɗa da boko ba tukuna ya rubuta da ajami. Malamin aji ba zai karɓi littafin ba kuma ba zai karanta shi ba. Adadi uku kawai kowa zai kawo, a rubuta su a allo ba tare da suna ba, a haɗa jimla, ajin ya fitar da kason da kansa.